Balan-balan a Ciki da Ɗinkin Tumbi ta Baki: Bayani ga 'Yan Uwa Mazauna Jidda



A 'yan shekarun nan, duk wanda ke bin manyan titunan Jidda irin su titin Madina da Tahliya, ko yake duba wayarsa da dare, da wuya bai ci karo da tallar asibitocin kuɗi ba, wadda ke cewa ana rage ƙiba ba tare da tiyata ba, cikin minti ashirin, mutum ya tashi ya koma gida da ƙafarsa. Da yake ni nakan raka mutanenmu asibiti domin yi musu tafinta, tambayoyi a kan wannan batu sun yi mini yawa. Wasu daga nan Karantina da Sabil da Hindawiyya, wasu kuma daga can gida, Kano da Katsina da Maraɗi, mutanen da ke shirin zuwa Umra suna so su haɗa da sa balan-balan kafin su koma. Shi ya sa na ga ya dace in tattara bayanin wuri ɗaya, domin mutum ya shiga ɗakin likita ya san abin da zai tambaya.

Abin da zan faɗa tun daga farko shi ne, waɗannan na'urori ba yaudara ba ce, suna aiki, kuma an yi bincike mai yawa a kansu. Sai dai aikin nasu bai kai yadda talla ke nunawa ba, sannan rabin maganin ba a ranar da aka sa na'urar yake ba, yana cikin watannin da ke biyo baya, lokacin da ake buƙatar mutum ya riƙa komawa asibiti. Ga wanda zamansa a ƙasar nan ya rataya a kan iƙama ko bizar ziyara, to a nan gizo ke saƙar.

Ciwon da ake son magancewa

Mu dai mun taso a inda ake ɗaukar teɓa alamar hutu da wadata. Idan mutum ya koma gida daga Saudiyya a rame sai a ce ƙasar ba ta karɓe shi ba, idan kuwa ya koma ya yi ɓul-ɓul sai a ce lallai ya samu. Likitoci ba haka suke kallon abin ba. Tun a shekarar 1988 wani likitan Jami'ar Stanford ta Amurka mai suna Gerald Reaven ya ja hankali cewa akwai wasu cututtuka da ba sa zuwa su kaɗai, kullum a ayari suke tafe, kuma tushensu ɗaya. Larabawa suna kiran wannan ayari "mutalazimatul aid", ni kuma a nan zan kira shi gungun cututtukan teɓa.

Bisa ma'aunin da manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya da na ciwon sukari suka amince da shi a 2009, abu biyar ake dubawa. Na farko zagayen ƙugu, wanda ga mutanen Afirka da Gabas ta Tsakiya ake fara lissafi daga santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. Sai jini da ya kai 130 bisa 85. Sai sukarin jini kafin karin kumallo da ya kai 100 a ma'aunin miligiram, wato 5.6 idan da ma'aunin milimol aka rubuta takardar. Sai maiƙon jini da ake kira tiraigilisarid idan ya kai 150. Na biyar shi ne ƙarancin kolestarol mai amfani, wanda ake rubuta HDL a takardar gwaji, ƙasa da 40 ga namiji, ƙasa da 50 ga mace. Duk wanda ya haɗa uku cikin biyar ɗin ya shiga gungun, ko da kuwa ba ya jin ciwon komai a jikinsa.

Yadda abin ke faruwa shi ne, kitsen da ke taruwa a cikin ciki kewaye da hanji ba irin na cinya ko na damtse ba ne. Yana zubar da maiƙo kai tsaye zuwa hanta, hanta ta yi kitse, jiki ya daina jin umarnin insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Sai gaɓar da ke yin insulin ɗin, wadda ake kira fankiriyas, ta ninka aikinta, tana yi tana yi har ta gaji. Ranar da ta gaji ita ce ranar da ake ce wa mutum yana da ciwon sukari, alhali abin ya yi shekaru yana tafasa. Ƙarshen hanyar kuwa mun san shi, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, da wankin ƙoda.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Bincike ya nuna cewa baƙar fata, har da mutanen Afirka ta Yamma, sau da yawa tiraigilisarid ɗinsu yakan fito daidai ko da jikinsu ya riga ya fara ƙin insulin. Saboda haka kada kyan wannan lamba ɗaya ya kwantar wa mutum da hankali idan ƙugu da jini sun haura.

A nan Jidda, Farfesa Suhad Bahijri ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz da abokan aikinta sun wallafa wani bincike a 2016 kan manya 1,420 mazauna garin, 'yan ƙasa da baƙi. Sun samu kimanin kashi 12 cikin 100 suna da ciwon sukari, amma a tsakanin waɗanda suka kai shekara 50 abin ya kusa rabi. Wani binciken lafiya na ƙasa baki ɗaya da aka yi a 2013 ya nuna kashi 28.7 cikin 100 na manyan Saudiyya suna da ƙibar da ta wuce kima, mata sun fi maza. Mu da ke zaune a nan ba mu buƙatar a faɗa mana dalili. Kabsa da mandi da soyayyen kaza, tamis da safe, shayi mai sukari wuni guda, ga zafi da gumi da ke hana mutum taka ƙafa, daga na'urar sanyaya ɗaki sai ta mota. Hukuma da kanta ta ga haka, shi ya sa ta ɗora harajin kashi 50 cikin 100 a kan lemon kwalba a 2017, ta kuma tilasta wa gidajen abinci rubuta yawan kalori daga 2019.

Kalmar "minzar" tana ruɗa mutane

Kafin in shiga bayanin na'urorin, akwai kalma ɗaya da na ga tana jefa mutanenmu cikin ruɗani. A asibitocin nan abu biyu ne ake kira "minzar". Akwai wanda ake zura bututu mai laushi mai kyamara a kai ta baki zuwa tumbi, ba a yanka fata ko kaɗan, shi ne endoskofi, kuma a kansa wannan rubutu yake. Akwai kuma wanda ake huda ciki wuri huɗu ko biyar a zura kayan aiki, wannan tiyata ce cikakkiya. Idan aka ce maka "takmim bil minzar", galibi na biyun ake nufi, wato za a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi, kuma ba ya dawowa. Don haka kafin ka sa hannu a kowace takarda ka tambaya da bakinka: "an ɗariƙil fam?", wato ta baki ne? Kuma za a yanke wani abu ko ba za a yanke ba?

Balan-balan

Wannan shi ne mafi daɗewa kuma mafi yaɗuwa. Na farko da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1985 shi ne na Garren da Edwards, wanda ake hura wa iska. Bai yi ƙarko ba, yana sacewa ya toshe hanji, cikin 'yan shekaru aka janye shi daga kasuwa. Daga baya aka fito da na roba mai santsi da ake cika wa ruwan gishiri, wanda yanzu ake sayarwa da sunan Orbera. An daɗe ana amfani da shi a Turai da ƙasashen Larabawa kafin Amurka ta amince da shi a 2015.

Ana ba mutum allurar barci, likita ya fara leƙa tumbin ya tabbatar babu gyambo, sannan ya zura balan-balan ɗin a lanƙwashe, ya cika shi da ruwa tsakanin mililita 400 zuwa 700, kamar cikin robar ruwan sha ƙarama ke nan. Likitoci da yawa suna zuba shuɗin rini a cikin ruwan, domin idan ya huje fitsari ya canza launi zuwa kore ko shuɗi, mutum ya gane. Aikinsa biyu ne, yana cinye wuri, sannan yana sa abinci ya daɗe bai bar tumbi ba, sai mutum ya ƙoshi da wuri kuma ya daɗe bai ji yunwa ba. Bayan wata shida dole a sake zura minzar a tsotse ruwan a ciro shi. Akwai nau'in da ake bari har shekara, akwai kuma Spatz3 wanda ake iya ƙara wa ruwa ko rage masa yana ciki.

Abin da talla ba ta faɗa shi ne kwanakin farko. Tumbi yana ganin baƙon abu sai ya yi ta yunƙurin fitar da shi. Kwana uku zuwa mako guda mutum yana fama da tashin zuciya da amai da murɗar ciki, wasu har sai an ƙara musu ruwa. Na ga magidanci ƙaƙƙarfa da ya shiga yana wasa da dariya, a kwana na biyu yana roƙon a ciro masa shi. Tattara binciken da ƙungiyar likitocin endoskofi ta Amurka ta yi a 2015 ya nuna kimanin mutum 7 cikin 100 ana cire musu kafin lokaci saboda sun kasa jurewa.

To nawa ake ragewa? Mu ɗauki misalin mutum mai kilo 95 da tsawon mita 1.70. Idan aka raba nauyinsa da tsawonsa sau tsawonsa, ma'auninsa na BMI ya kama kusan 33, kuma daga 30 ake cewa ƙiba ta zama ciwo. A gwajin da aka yi wa Orbera a Amurka, waɗanda aka sa wa sun rage kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsu a wata shida, waɗanda aka bari da tsarin abinci da motsa jiki kawai suka rage kashi 3. Mutumin namu ke nan ya sauko daga 95 zuwa wajen 85 ko 86. Wata shida bayan an cire, ragin ya koma kashi 7.6, wato kilo biyu ko uku sun riga sun dawo. Wani binciken da aka yi a Girka kan mutum 500, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna bayan shekara biyar ƙasa da ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka bibiya ne suka riƙe ragi mai ma'ana.

Kada a raina kilo goma. Ragin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ya isa ya sauko da jini da sukari da maiƙon jini, ya kuma rage kitsen hanta. Amma wanda ya ɗauka zai shiga da teɓa ya fito kamar ɗan ƙwallo, zai ji an cuce shi. A nawa ganin balan-balan kamar dabaibayi ne, yana hana dabba nisa muddin yana ƙafarta, ran da aka kwance kuwa sai halin da ta koya.

Haɗarinsa mai tsanani ba shi da yawa amma akwai shi. Yana iya sacewa ya gangara ya toshe hanji, yana iya kumbura da kansa fiye da yadda aka cika shi, yana iya danne fankiriyas ta kumbura, kuma a kusan mutum ɗaya cikin dubu yakan huda tumbi. A watan Afrilun 2020 FDA ta ce ta samu rahoton mutuwar mutum 18 a faɗin duniya tun daga 2015 cikin masu ɗauke da balan-balan na ruwa. Adadin ƙanƙani ne idan aka duba ɗimbin waɗanda aka sa wa, sai dai ya isa ya nuna cewa wannan ba kwalliya ba ce irin ta gyaran gashi. Ba a sa wa wanda aka taɓa yi wa tiyatar tumbi, ko mai gyambon ciki da bai warke ba, ko wanda saman tumbinsa ya zarce sosai zuwa ƙirji, ko mai shan maganin tsinka jini, ko mai ciwon hanta mai tsanani, ko mai juna biyu.

Wanda ya fi shan talla yanzu shi ne na haɗiya, Allurion, wanda a da ake kira Elipse. Shi ba ya buƙatar minzar ko allurar barci. Ƙwaya ce babba da siririn bututu a jikinta, mutum ya haɗiye da ruwa, a ɗauki hoton ciki a tabbatar ta isa, a cika ta da kimanin mililita 550, a zare bututun. Bayan kamar mako 16 wani ɗan marfi a jikinta ya buɗe da kansa, ruwan ya tsiyaye, robar ta fita ta bayan gida. Wani rahoto kan mutum 1,770 da aka wallafa a 2020 ya nuna ragin kusan kashi 14 cikin 100 a wata huɗu. Sauƙin nasa shi ne kuma rauninsa, tunda babu wanda ya leƙa tumbin kafin a sa. Hukumar magunguna ta Faransa ta dakatar da sayar da shi a watan Agustan 2024 saboda rahotannin toshewa da hujewa da kuma ƙarancin bibiyar marasa lafiya, sannan ta ɗage dakatarwar a Fabrairun 2025 bayan kamfanin ya yi gyare-gyare.

Ɗinkin tumbi ta baki

Wannan shi ne ake tallatawa da sunan takmim ba tiyata. Likitocin asibitin Mayo na Amurka, Barham Abu Dayyeh da Christopher Gostout, su ne suka fara bayyana shi a 2013. Ana ɗaura wata 'yar na'urar ɗinki mai suna OverStitch a kan minzar, a shiga ta baki mutum yana cikin barci sosai, a riƙa kama bangon tumbin ana ɗinkewa ana tattarewa, kamar yadda tela ke rage faɗin riga ba tare da ya sa almakashi ba. A ƙarshe tumbin ya koma siriri kamar ayaba, ya rasa kusan kashi 70 cikin 100 na faɗinsa. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mutum ya koma gida a ranar ko washegari. FDA ta ba da izininsa a watan Yulin 2022 ga masu BMI daga 30 zuwa 50.

Abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin manyan rahotannin duniya a kan wannan aiki daga ƙasar nan ya fito. Farfesa Aayed Alqahtani na Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad ya wallafa sakamakon mutum 1,000 a jere a 2019. Matsakaicin ragin ya kai kashi 15 cikin 100 bayan shekara guda, wato kilo 14 ga mutuminmu mai kilo 95. Fiye da kashi 90 cikin 100 sun yi fama da tashin zuciya ko ciwon ciki a makon farko, mutum 24 aka sake kwantarwa, wasu saboda zubar jini, kuma babu wanda ya mutu. Sai dai in ja hankalin mai karatu kan abu ɗaya a rahoton. Kusan tara cikin goma na mutanen mata ne, matsakaicin shekarunsu 34, kuma 17 kacal ne masu ciwon sukari, waɗanda 13 daga cikinsu sukarin ya lafa. Sakamako ne mai kyau, amma dattijo ɗan shekara 58 da ya yi shekara goma sha biyar yana allurar insulin bai kamata ya ɗauka labarinsa ake bayarwa ba. Sukarin da bai daɗe da kama mutum ba shi ya fi saurin lafawa idan nauyi ya sauka.

Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne wanda aka yi a Amurka mai suna MERIT, aka wallafa a mujallar Lancet a 2022, inda aka raba mutum 209 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara guda waɗanda aka ɗinke sun rage kashi 13.6 cikin 100, ɗaya ɓangaren ƙasa da kashi 1. Cikin masu ɗauke da cututtukan teɓa, kashi 80 na waɗanda aka ɗinke sun samu sauƙi a aƙalla ciwo ɗaya, a ɗaya ɓangaren kashi 45. Matsala mai tsanani ta samu kashi 2 cikin 100. Wani asibiti a New York ya bibiyi mutanensa har shekara biyar ya samu ragin yana nan wajen kashi 16. Ke nan ya fi balan-balan ƙarko nesa ba kusa ba. Amma zare zare ne, wanda ya koma cusa tuwo da ƙarfi zai iya ɓalle ɗinkin ko ya buɗa tumbin. Kuma aiki ne da ƙwarewar hannu ke tasiri a cikinsa sosai, don haka babu kunya a tambayi likita guda nawa ya yi.

Na'urorin hanji

Akwai wasu da ba tumbi suke nufa ba, farkon ƙaramin hanji suke nufa, domin an lura wannan wuri yana da hannu a yadda jiki ke sarrafa sukari. Ɗaya ita ce EndoBarrier, wata leda mai tsawon santimita 60 da ake shimfiɗawa a cikin hanji don abinci ya wuce bai taɓa bangon ba. Tana rage sukari, amma an tsayar da babban gwajinta a Amurka a 2015 saboda wasu sun samu ƙurji mai mugunya a hanta, kuma ta rasa izinin Turai a 2017. Daga baya an sauya mata suna zuwa RESET aka koma gwaji. Ɗaya kuma ita ce Revita, wadda ke ƙona saman fatar hanjin da zafin ruwa domin sabuwa ta tsiro. Duk wanda aka yi wa tayin irin waɗannan, ya tambaya ko cikin bincike za a sa shi, kuma ko Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ta yi wa na'urar rajista.

Allura da tiyata fa?

Dole a ambace su, domin su ne abin kwatance. Allurar mako-mako ta semaglutide, wadda aka fi sani da Ozempic ko Wegovy, ta rage kusan kashi 15 cikin 100 a gwajin da aka wallafa a 2021, ita kuwa tirzepatide, wato Mounjaro, ta kai wajen kashi 21 a mafi girman awo a gwajin 2022. Ke nan allura ta kamo ɗinki, har ta wuce shi. Matsalarta kuɗi ne na kowane wata, kuma waɗanda suka daina semaglutide sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Tiyatar takmim ta gaskiya takan rage kashi 25 zuwa 30, ita ta fi kowanne ƙarfi a kan sukari, amma tana iya barin mutum da ƙwannafi da buƙatar shan bitamin na dogon lokaci. Wanda BMI ɗinsa ya haura 40 ga sukari ga hawan jini, gaskiya balan-balan ba zai kai shi ko'ina ba, sai dai a sa masa domin ya ɗan sauka kafin tiyata. Ya kamata kuma a san cewa a gwajin DiRECT da aka yi a Birtaniya, tsarin abinci mai tsauri kaɗai, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, ya kwantar da sukarin kashi 46 cikin 100 na mutanen bayan shekara guda. Saukar nauyin ce maganin, ta kowace ƙofa aka bi.

Abin da ya shafe mu baƙi

Duk alƙaluman da na kawo daga mutanen da aka riƙa bibiya ne, suna ganin likita da masanin abinci wata bayan wata. Wanda aka sa wa na'ura ya ɓace, ba ya cikin wannan lissafi.

Saboda haka mai zuwa Umra ya yi tunani sosai. Bizar Umra ba ta kai wata shida, ke nan balan-balan ɗin a gida wa'adinsa zai cika. Barinsa ya wuce lokaci shi ne babban dalilin sacewa da toshe hanji. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen endoskofi, amma ciro balan-balan yana buƙatar allurar tsotsa da maƙamashi na musamman da likitan da ya saba, don haka a nemi wanda zai cire tun kafin a sa, a yi magana da shi, ba sai wata na biyar ba. Haka ma mazaunin nan da iƙamarsa ta kusa ƙarewa, ko yake da saɓani da kafili, ko yake tunanin fita ta ƙarshe. Na san wata baiwar Allah da tafiya ta kama ta ba shiri da balan-balan a cikinta, sai da 'yan uwa suka yi karo-karo aka kai ta wata ƙasa aka ciro shi bayan wa'adinsa ya wuce da watanni.

Lokaci ma abin dubawa ne. Makonnin farko ruwa-ruwa ake sha kaɗan-kaɗan wuni guda, kuma amai da zafin Jidda suna saurin busar da jiki su taɓa ƙoda. Bai dace a sa gab da azumi ko gab da aikin Hajji ba. Mai shan maganin sukari irin su Daonil da Diamicron, ko mai allurar insulin, dole likita ya rage masa awo tun daga ranar farko, in ba haka ba sukarin zai faɗi ƙasa tunda cin abinci ya ragu. Haka maganin hawan jini mai sa fitsari.

A gaya wa likita gaskiya kan abin da ake sha. Mutanenmu suna da sabon haɗiyar Voltaren da Brufen don ciwon gwiwa da baya, waɗannan kuwa da balan-balan a ciki gyambo suke haifarwa. Maganin rage tsamin ciki irin omeprazole shi ne ake sha kullum har a cire. A nemi gwajin ƙwayar cutar gyambon ciki, wadda Larabawa ke kira "jursumatul ma'ida", domin ta yi yawa ƙwarai a tsakanin mutanen ƙasarmu, kuma an fi son a kashe ta tukuna. 'Yan uwa mata da suka taɓa shan ƙwayoyin sa ƙiba irin su sha-ka-fashe su faɗa, kada su ɓoye, saboda irin waɗannan ƙwayoyi sukan ƙunshi sinadarin da ke ta da sukari da jini da kansa, kuma daina shi farat ɗaya yana da haɗari. Sannan saukar nauyi takan buɗe haihuwa ga wadda ta daɗe tana nema, alhali ba a son ciki ya shiga da balan-balan a tumbi, don haka magana ce da za a yi da maigida da likita tun farko.

Batun kuɗi kuwa, dubban riyal ne, kuma farashin talla ba kullum yake haɗa komai ba. A tambaya ko kuɗin cirewa yana ciki, da ziyarar masanin abinci, da kwanciya idan amai ya yi tsanani. A nemi amsar kamfanin inshora a rubuce. A tabbatar likitan yana da lasisin Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya a fannin ciki da hanji ko tiyatar ƙiba, kuma wurin yana da inda zai kai mutum cikin dare idan abu ya ɓaci. Ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa, kumburin ciki farat ɗaya, aman jini, baƙin bayan gida, zazzaɓi, ko fitsari ya canza launi, duk ba na jiran safiya ba ne. Lambar motar asibiti ita ce 997, ta shawarar Ma'aikatar Lafiya kuma 937.

Kafin a bar asibitin a karɓi rahoto a rubuce da Turanci, tunda likitocin gida ba duka ke karanta Larabci ba, mutumin Nijar kuma ya sa a fassara masa zuwa Faransanci. Rahoton ya nuna sunan na'urar, ranar da aka sa, yawan ruwan da aka zuba, ko an sa rini, da ranar da za a cire. A ɗauki hotonsa a waya, a tura wa wani ɗan uwa, a ajiye takardar tare da fasfo.